Haɗin Kafet Mai Gardama: Aikin Yana Lalacewa Tun Kafin A Buɗe Bokitin Gam

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan sam mana fili a wannan jarida tamu mu yi bayani a kan wani ɓangare na sana'ar shimfiɗa kafet wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato haɗi, ko joyin kamar yadda yaran aiki suke cewa. Ana ta gina masallatai da otal-otal da ɗakunan taro a Kano da Kaduna da Abuja, ana zuba kuɗi masu yawa a sayo kafet daga Turkiyya ko Sin, amma kafin a zagayo shekara sai ka ga layi ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar ɗaki, baki ya ɗaga, zare yana bin ƙafar mutane. Mai wuri ya ce an sayar masa da jabu, ɗan kasuwa ya ce mai shimfiɗa ne bai iya ba. Ko da yake ba daɗin faɗa a bakinmu, mafi yawan lokuta ɗan kasuwan ne da gaskiya.

Kafet na bandir yana zuwa ne da ƙayyadadden faɗi. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu mita 4 ne, akwai mai mita 5, na Amurka kuma ƙafa 12 ne, wato mita 3.66. Duk ɗakin da ya wuce haka dole a yi masa haɗi, kuma babu haɗin da yake ɓacewa gaba ɗaya. Wanda ya yi wa mai gida alkawarin cewa ba zai ga wurin ba ko da ya durƙusa, ya yaudare shi. Abin da gwani zai iya shi ne haɗin da ido ba ya tsayawa a kansa, kuma ba ya buɗewa.

Wurin da haɗin zai faɗa a takarda ake yanke shi, kafin a taɓa wuƙa. Ana so layin ya nufi babbar taga, ya tafi tare da hasken, kada hasken ya gitta shi. Dalili kuwa, idan haske ya zo ta gefe, ko tudun milimita ɗaya sai ya yi inuwa, inuwar nan ita ce layin da mutane suke gani. Kada layin ya shiga bakin ƙofa a tsaye inda kowa zai taka shi, kada kuma ya faɗa inda ake juya ƙafa, kamar kwanar baranda ko gaban matakala. Idan tsakanin ɗaki biyu ne, haɗin ya kwanta daidai ƙarƙashin ƙyaure idan an rufe shi. Sau da yawa wannan tsari yana cin ƙarin mita ɗaya ko biyu, a nan ne kuma ake fara rigima da ɗan kwangila, don shi so yake a cike gurbi da guntaye. Guntu uku a gefe ɗaya haɗi uku ke nan maimakon ɗaya, kowanne kuma wurin rauni ne.

Sai kwanciyar gashi. Gashin kowane kafet yana da inda ya karkata, kuma idan aka juya yanki ɗaya, zai fito tamkar wani launi ne daban ko da daga bandir ɗaya aka yanko. Wasu masana'antun suna buga kibiya a baya. Idan babu, ka ɗora farar takarda a kan kafet ɗin, ka kwantar da biro a kanta, ka murza shi gaba da baya da tafin hannu. Takardar za ta yi ta sulalewa ɓangare ɗaya, can gashin ya kwanta. Duk yankin da aka cire daga bandir a zana masa kibiya da lamba a baya nan take da alli, domin da zarar an jibge su wuri ɗaya babu mai iya tunawa. A duba kuma lambar rini da ke jikin takardar bandir. Bandir biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya amma lambar rininsu ta bambanta, kada su haɗu a ɗaki ɗaya, babu dabarar da za ta gyara wannan.

Kafet yana bukatar ya huta a ɗakin da za a shimfiɗa shi, a warware, aƙalla awa 24. Ƙungiyar masana'antun kafet ta Amurka, CRI, wadda take garin Dalton a jihar Jojiya, ta sa a ƙa'idojinta cewa zafin ɗaki ya kasance tsakanin digiri 18 da 35 a ma'aunin Salsiyas, danshin iska kuma tsakanin kashi 10 da 65 cikin ɗari. Wanda ya san Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya san rana tana wuce wannan, a watan Agusta kuma danshi yana wuce shi. Don haka a bazara da sassafe ake haɗi, da damina kuma a ƙara wa gam lokacin shan iska. Da sanyin hunturu bayan kafet yana ƙagewa, ba ya miƙuwa, sai a jira rana ta ɗaga. Kada a bar bandir a bayan mota cikin rana, kada kuma a ninke shi biyu don a shigar da shi ta ƙofa a bar shi haka ya kwana. Karyewar da ya yi a wurin ninki ba ta cika fita ba.

Yanka shi ne rabin aikin. Bakin da ya zo daga masana'anta ba bakin haɗi ba ne: ya sha jan na'ura, ya sha gogar hanya, gashinsa ya kwanta, gam ɗin bayansa bai cika kaiwa ƙarshe ba. A cire aƙalla santimita 2.5 daga kowane gefe, idan ya nannaɗe a kai santimita 5. Reza kuwa sabuwa, kuma a canza ta a kowane dogon haɗi. Bayan kafet yana ɗauke da garin alli a cikin gam ɗinsa, yana dakusar da reza da wuri, dakusasshiyar reza kuma ba yanka take yi ba, yaga take yi.

Yawancin kafet na zamani dasa zaren ake yi layi-layi a jikin wani ƙyalle. Idan ka lanƙwasa shi za ka ga layukan a jere. Yankan kirki tsakanin layi biyu yake bi daga farko har ƙarshe, ba ya tsallaka ko ɗaya. Ana ɗaukar sukudireba mai dakusasshen baki, a tura ta tsakanin layi biyu ta sama, a kwance kaɗan, ta buɗe hanya, sannan a bi hanyar da abin yanka na musamman mai reza biyu, ta dama da ta hagu. A sauke rezar da take kusa da ɓangaren da za a ajiye. Idan aka yi kuskure aka sauke ɗayar, za a bar tsiran ƙyalle a baki, idan an haɗa sai a ga layin sanƙo babu gashi. Idan kuma rezar ta ci cikin layin zaren, wannan layin zai zube cikin 'yan makonni. Kada ka ɗauka layukan a miƙe suke sak. Suna ɗan karkacewa, saboda haka hanyar da sukudireba ta buɗe za ka bi, ba layin ƙarfe ba. Wanda ba shi da wannan abin yanka, idan kafet ɗin mai yankakken gashi ne, wato wanda aka datse kan zarensa ya tsaya a miƙe, zai iya kifa shi ya yanka ta baya da doguwar rula ta ƙarfe, amma bakin rezar ya fito kaɗan ƙwarai, ya tsaya a ƙyallen, kada ya kai ga gashi. Bayan nan sai a raba da hannu.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a wurinmu: a ɗora baki ɗaya a kan ɗaya, a danna rula, a yanke su tare. Wannan yana yi a kan siririn kafet mara gashi, irin wanda ake shimfiɗawa a wurin biki ko baje koli. A kan mai gashi kuwa ɓarna ce, domin rezar tana aske kan zaren na ƙasa, tana kuma tsallaka layuka a duka ɓangarorin biyu. Ranar da aka gama zai yi kyau. Bayan shara goma za a ga abin da aka yi.

Yanzu ga matakin da aka fi tsallakewa, wanda kuma shi ne musabbabin yawancin haɗin da ya tsefe: toshe baki. Kafet hawa-hawa ne. Akwai ƙyallen farko da aka dasa zare a jiki, akwai gam, akwai ƙyalle na biyu mai kama da raga a ƙasa. Da ka yanka, ka buɗe gefen waɗannan duka, layin zaren ƙarshe ya rasa abin da yake tare shi ta gefe ɗaya. Tef ko gam ɗin daɓe ƙasan kafet kawai suke riƙewa, ba sa riƙe wannan gefen. Shi ya sa ake bin bakin da ruwan latas, wato gam na roba mai ruwa da ake toshe baki da shi, daga kwalba mai siririn hanci, a zuba layi mai kaurin kamar milimita 3 daidai kan kaurin ƙyallen biyu, sannan a bi da babban yatsa a cusa shi ciki. Bakuna biyun duka. A bar shi ya sha iska har sai ya daina kama yatsa. Kada ya taɓa gashi, don duk inda ya taɓa zai riƙa kama ƙura har ya zama baƙin layi, mai gida kuma ya yi ta wanki bai san daga ina abin yake ba. Wasu kan bi bakin da wutar laita wai don zaren ya narke ya kama. Yana narkewa kam, amma yana tsukewa ya yi ƙulli mai tauri, bakunan ba za su taɓa haɗuwa lif ba, ga kuma kaifi a tafin ƙafa.

Daga nan hanya ta rabu biyu, ko dai a manna kafet a daɓe, ko a ja shi a kan soso a haɗa da tef mai narkewa. Mannawa ce ta fi yawa a ƙasarmu, tunda daɓenmu siminti ne ko tayil.

Daɓen da za a manna wa kafet sai ya bushe, ya kuma daidaita. Sabon siminti yana bukatar kamar wata uku ko fiye. Gwajin mai sauƙi ne: a yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a liƙe bakinta duka da salatif a kan daɓen, a bar ta aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, akwai sauran ruwa, gam ba zai zauna ba. Idan tayil ne, a cike ramukan tsakaninsu, musamman wanda ya yi daidai da layin haɗi, domin bakin kafet zai nutse ciki. A buga layin alli, a jera yankunan a bushe tukuna a tabbatar komai ya zauna, sannan a naɗe kowane ɓangare baya kamar mita ɗaya. A shafa gam da cokali mai haƙora, irin girman haƙorin da aka rubuta a jikin bokitin, kuma idan haƙoran sun cinye a sake fiƙe su ko a canza cokalin, don cinyayyen haƙori rabin gam yake bari. A jira lokacin shan iska. Idan ka taɓa da yatsa ka ɗaga ya biyo ka zare-zare, ya yi. A kwantar da ɓangare na farko a kan layin alli, a zuba gam ɗin haɗi a gefensa da aka yanka, sannan a kawo na biyu ya tokare shi tun gam ɗin yana ɗanye. Ana barin na biyun ya fi wurinsa da kamar milimita ɗaya domin ya shiga a matse. Fiye da haka zai yi tozo. A bi da rola mai nauyin da bai wuce kilo 35 ba, tsaye da kwance, a hana taka wurin awa 24.

Gam ɗin nan mai ƙarfin wari da kafintoci da masu gyaran takalmi suke amfani da shi, wanda da yawa suke shafawa a gefen bango da ƙarƙashin haɗi kawai su bar tsakiya a sake, shi ne yake kawo buɗewar haɗi a manyan ɗakuna. Tsakiyar tana motsi da zafi da sanyi da tafiyar mutane, duk jan kuma a haɗin yake ƙarewa. Ga shi da ya kama ya kama ke nan, babu damar gyara. Tururinsa kuma yana kama wuta, don haka idan ya zama dole a yi aiki da shi, tagogi a buɗe, babu sigari, janareta a nesa.

Haɗi da tef yana bukatar ayan na musamman mai murfin kare zafi a sama, wanda yake shiga ƙarƙashin kafet ya narka gam ɗin tef ɗin. Ayan gugar kaya ba ya wannan aiki. Kafin a jona, a karanta jikinsa: waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce, idan babu taransifoma nan take zai ƙone. Zafi kuma a yi hankali da shi. Zaren roba na polifirofilin, wanda da shi ake yin bayan yawancin kafet da gashin masu araha, yana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165, kuma tun kafin nan yake fara tsukewa. Nailan ya fi shi juriya, sai ya wuce digiri 200. A ayan mai lamba 1 zuwa 4, tsakanin 2 da 3 ake tsayawa, kuma a fara gwadawa a kan guntaye. Gara ƙaramin zafi da tafiya a hankali da babban zafi da sauri. A sa siririn falanki ƙarƙashin tef ɗin domin a samu abu mai tauri da za a danna a kai, a riƙa jan sa gaba tare da aikin. A bi kwanciyar gashi. A bar ayan wuri ɗaya kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, a tura shi gaba tsawon jikinsa, nan take a danna bakunan biyu cikin narkakken gam, ƙyalle ya taɓa ƙyalle, ana ɗaga gashin da ke neman faɗawa ciki da tsinke. A bi baya da katako mai nauyi a kai. Kada a ɗora akwatin kayan aiki na ƙarfe, yana tare zafi da gumi a wurin, gashin ya kwanta ko launinsa ya canza har abada. Rola mai haƙora da ake bin haɗi da ita ta kafet mai madauki ce, wato wanda zarensa yake a lanƙwashe ba a datse kansa ba. A kan mai yankakken gashi tana warware murɗin zaren yana da zafi, sai a bar tabo mai faɗin rolar. A jira minti 20 zuwa 30 ya huce kafin a ja.

Matsalar da ta keɓanta da mu ita ce wuta. Idan janareta ƙarami ne kuma ana jan wasu kaya a kansa, ayan ba ya kai zafinsa, gam ɗin ya yi laushi amma bai narke ya shiga ragar bayan kafet ba. A ido haɗin lafiya lau, da an ja sai ya ɓalle. Alamar ita ce ka ɗaga bakin bayan ayan ka duba: idan gam bai fito ta ramukan ragar ba, bai yi ba.

Tozon da haɗi yake yi bayan an ja kafet ba koyaushe laifin zafi ba ne. Kafet ana jan sa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, wato santimita 10 zuwa 15 a ɗaki mai mita 10. Ƙarfin jan yana tafiya ta cikin ƙyallen baya, da ya iso haɗi sai ya sauka ƙasa ya bi ta tef, tef ɗin kuma ya yunƙuro sama don ya daidaita da layin jan, ya ɗaga bakunan. Maganinsa: a yi amfani da tef mai faɗin santimita 15 maimakon siriri, a toshe baki da kyau yadda gefe zai kama gefe, a ɗan ja kafet ɗin ta tsawon layin kafin a haɗa, sannan wajen jan ƙarshe a fi ƙarfafa ja ta tsawon haɗin, a sassauta ta gicciyensa. Haɗin soson ƙasa kuma kada ya yi daidai da na kafet, ko dai ya gitta shi ko ya kauce da aƙalla santimita 15.

Cikin masu gardama, kafet mai madauki shi ne ba ya yafiya. Zare ɗaya ne yake tafiya tsawon layi yana shiga yana fita, don haka idan madauki ɗaya ya kuɓuce aka ja shi, sai ya yi ta zarewa irin ɗinkin bakin buhun shinkafa, har ƙarshen ɗaki. A haɗin tsaye, bin layi dole ne. A haɗin gicciye, inda kai yake haɗuwa da kai, babu makawa sai an yanke madaukai. A nan ta baya ake yanka, a bi da almakashi a datse duk rabin madaukin da ya tsaya, a toshe baki sosai. In da hali a guje wa haɗin gicciye gaba ɗaya a irin wannan kafet. A kuma gaya wa masu shara: zaren da ya leƙo, almakashi ake sa masa, ba a jan sa.

Kafet mai zane kuwa tun wajen lissafi ake faɗuwa. Zane yana maimaita kansa a tsawo ƙayyadadde, kuma kowane yanki sai ya fara a wuri ɗaya cikin zanen. Misali ɗaki mai tsawon mita 9.2, zanen yana maimaituwa duk santimita 64. Idan ka raba za ka samu 14 da 'yan kai, don haka 15 za ka yanka, wato mita 9.6 kowane yanki, ka kuma ƙara maimaici ɗaya a jimla saboda daidaita na farko. Wani zanen kai da kai yake haɗuwa, wani kuma sai an saukar da yanki na biyu da rabin maimaici, a duba wannan kafin a yanka. Sannan a sani cewa zanen ba ya fita daidai wa daida daga na'ura. Ka auna maimaici goma a kowane yanki ka rubuta. Za ka iya samun mita 6.40 a ɗaya, 6.43 a wani, 6.38 a na uku. Kafet ana iya miƙa shi amma ba a iya tsuke shi, saboda haka mafi tsawo ake fara kwantarwa, a ja gajerun su kamo shi, a jera su daga babba zuwa ƙarami don kada mafi tsawo ya yi maƙwabtaka da mafi gajarta. Daidaita zane daga tsakiyar haɗin ake farawa, a tafi dama da hagu, domin bambancin ya rabu biyu. Idan ka fara daga bango, duk kuskuren zai taru a ɗaya bangon. Wurin da ya daidaita a danne shi da siririn katako da ƙananan ƙusoshi har gam ya kama, sannan a cire.

Akwai kuma zanen da ya zo a lanƙwashe kamar baka ta faɗin bandir, ko a karkace gefe ɗaya ya riga ɗaya. A ja igiya daga wani ado a gefen dama zuwa takwaransa a gefen hagu a duba tsakiya. Masana'antu da dama suna ɗaukar har inci ɗaya da rabi a faɗin ƙafa 12 a matsayin abin da mai shimfiɗa zai gyara da majayi, wato abin miƙa kafet. Idan ya wuce haka, a tsaya a kira mai kaya kafin a yanka. Da wuƙa ta shiga, magana ta ƙare, babu mai karɓar kayansa.

Kafet ɗin masallaci mai layin sahu yana da nasa hukunci. Alƙibla ake bi, ba bango ba. Daga ƙasar Hausa alƙibla gabas take da karkata zuwa arewa, kuma masallatai da yawa ginin bai zauna daidai a kanta ba. A tabbatar da ita tare da liman da kwamiti, a ja igiyar sahun farko, a fitar da kusurwa mai digiri 90 da awon 3 da 4 da 5, wato tsawon gefuna uku na alwatika, sannan duk sauran yankuna su bi wannan igiya. Kuskuren santimita ɗaya a kowane yanki, idan yanki goma ne ya zama santimita 10, kuma masu salla za su gani tun daga ƙofa. Haɗin da yake tafiya tare da sahu a ajiye shi a gefen ratsin ado, inda ido ya riga ya saba ganin layi, ba inda goshi ko gwiwa suke sauka ba. Amma tunda yatsun ƙafa suna tokarar wurin sau biyar a rana, toshe bakinsa ba abin wasa ba ne. A nisanta haɗi daga ƙofofin da ke kusa da wurin alwala, don jiƙaƙƙiyar ƙafa tana kashe gam mai ruwa sannu a hankali. Wajen ginshiƙi kuma, tsagar da za a yi don a zagaye shi ta bi layin zare, a toshe ta, a haɗa ta kamar kowane haɗi.

Da yawa daga cikin waɗannan na masallaci, musamman masu zuwa daga Gaziyantef ta Turkiyya, saƙaƙƙu ne, ba dasassu ba. Saƙaƙƙen kafet, irin Wilton da Axminster da suka samo suna daga garuruwan Ingila, ba shi da ƙyalle na biyu, zaren tsaye da na kwance ne suke riƙe gashin. Da an yanka yake fara zubewa. Don haka shi tun kafin yanka ake toshe shi: a shafa latas ta baya a kan layin, faɗin santimita 2 zuwa 3, a bari ya bushe, a yanka ta tsakiyarsa, a sake bin gefen. Idan bayansa na rama ne, yana tsukewa in ya sha ruwa, shi ya sa haɗin da ya shekara lafiya yake buɗewa ranar da aka yi masa wankin ambaliya kafin azumi. Inda babu wuta ko ayan, ɗinkin hannu yana nan kuma yana da ƙarfi: a kifa bakunan, a ɗinka ta baya da lanƙwasasshiyar basilla da zare mai kakin zuma, tazarar ɗinki kada ta wuce milimita 13, nisansa daga baki kada ya gaza haka, a ɗan tanƙwara haɗin sama yayin ɗinki don ya kwanta lif idan an juya, sannan a shafe bayan da latas a ɗora ƙyalle.

Mai dogon gashi da mai santsi launi ɗaya, musamman fari ko ruwan madara, ba su da zanen da zai ɓoye komai. A kwantar da gashin kowane baki baya da salatif na takarda kafin a haɗa, a cire shi a hankali bayan ya huce, a taje, a datse abin da ya fi sauran tsawo.

Ga masu ba da aiki, kwamitin masallaci ne ko manajan otal: ku nemi a zana muku inda kowane haɗi zai faɗa kafin a yanka, ku nemi a nuna muku kwalbar toshe baki da idonku, ku ba da kwana ɗaya na hutun kafet da kwana ɗaya na bushewar gam a cikin jadawalin aiki ko da ranar buɗewa ta matso. Guntayen da suka rage kuma kada a bar yara su kwashe. A naɗe mita ɗaya ko biyu tare da takardar lambar rini a ajiye a sito, don ranar da garwashin turaren wuta ya faɗa a kai, da shi za a yi faci.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar shimfiɗa kafet,
Kano.